Ranar da Sarkin Baƙaƙe Ya Ƙi Kwanciya

A wani gidan haya mai bene, irin wanda ɗakuna ke kewaye da tsakar gida, famfo a gefe, igiyar shanya ta ratsa daga wannan bango zuwa wancan, an yi wani mai gyaran agogo da ake kira Farfesa. Ba wata jami'a ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, maƙwabta suka karɓa don su huta. In ka kai masa agogonka ya tsaya, zai yi maka bayanin abin da ya tsayar da shi tun daga ƙasar da aka ƙera shi, ka koma gida da ilimi mai yawa da agogo a tsaye.

Bayan agogo, babu abin da yake so kamar darar nan mai sarki da sarauniya da doki, wadda ake kira ces. Kullum da yamma sukan buga da maƙwabcinsa Tela a kan benci. Dukansu sun san yadda kowane ɗa ke tafiya, iyakar saninsu ke nan. Yau wannan ya ci, gobe wancan. Sai dai in Tela ya ci, Farfesa ya ce sa'a ce, in shi ya ci, ya ce ilimi ne.

To, a ƙarƙashin matattakalar benen akwai wani ɗaki da aka kulle tun da mai sayar da takalma ya tashi. Ko mai sayar da tabarmi ne? Wani dai ya tashi, ba shi ne labarin ba. Farfesa ya ɗora ido a kan ɗakin, yana so ya buɗe makarantar koyar da ces, har ya sa an rubuta masa allo. Matarsa ita ma ta ɗora ido, tana nema wa mahaifiyarta. Ita Inna ta zo ganin likitan ido ne, ta ce kwana biyu za ta yi, ga shi har an sake mata tabarau ba ta ambaci tasha ba. A falon Farfesa take kwana, a kan doguwar kujerar da yake miƙe ƙafa. Lissafin a fili yake: in Inna ta samu ɗakin, ta zauna ke nan har illa ma sha Allahu. In Farfesa ya samu, wata rana bayanta zai gaji da kujera ta tuna da gida.

Makulli yana hannun mai gidan, wanda ake kira Mai Bene, dattijo mai taurin kai, wanda aka ce ko likita bai taɓa jin ya ce "na yarda" ba. Farfesa ya same shi ya zuba bayani.

Mai Bene ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Matarka ta riga ka zuwa. Ita ta ce tsohuwa za ta sa a ciki. Tsohuwa na san amfaninta. Wannan wasan naka mene ne amfaninsa?"

"Ranka ya daɗe, ai gani ya kori ji. Ku ba ni yamma guda. Zan kawo muku wasan da manyan gwanayen duniya suka buga, in warware shi zare-zare a gabanku. Kuma ba a ƙaramin allo ba. Tsakar gidan nan ce allon, mutanen gidan nan su ne 'ya'yan."

"In na gani na gamsu, makulli naka ne. In na ga shirme, ka san inda zai tafi."

Wasan da Farfesa ke taƙama da shi a wayarsa ya gan shi. Wasu gwanaye biyu ne suka buga a wata ƙasa mai sanyi, tun kafin a haifi kowa a gidan. Sunayensu suna bakina ɗazu. Ɗaya dai mai gemu ne. Abin da ya sa wasan ya yi suna shi ne, mai farare ya ɗauki sarauniyarsa, wadda ta fi kowa ƙarfi a allo, ya ajiye ta a bakin abokin karawarsa kyauta. Aka cinye ta. Mai farare ya tsallaka da doki. Mai baƙaƙe ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa, wato ya sallama, kamar yadda gwanaye ke yi in sun hango mutuwa tun daga nesa. Farfesa ya kalli wannan har ya haddace. Kuma duk lokacin da aka zo wurin kwantar da sarki, sai ya tafa ya kashe waya. Mai sharhin yakan ci gaba da magana bayan nan, amma Farfesa ya ce sauran duk surutu ne.

Ranar hutu ta zo. Tun da hantsi ya durƙusa da alli da gawayi yana zana gidajen allon a siminti, fari da baƙi, fari da baƙi. Ya gama, ya miƙe yana yaba aikinsa, matarsa ta fito ta watsa ruwan wanke-wanke, rubu'in allon ya bi rariya.

"Ba ki ga allo ba ne?"

"Na ga ƙazanta dai, Malam. Da allo ne ai da an rataye shi."

Ya sake zanawa. Sannan ya shiga neman mutane. A nan ya gane cewa a gidan kowa sarki yake so ya zama. Da ya ce yana neman sojoji, waɗanda ke tafiya taku ɗaya-ɗaya kuma su ake fara cinyewa, kowa ya tuna yana da aiki a ɗaki. Ya ce ba komai, daga kusa da ƙarshen wasa za a fara, inda 'ya'ya suka yi kaɗan. Ya bi ɗaki-ɗaki ya ari bokitai, ya jera su a matsayin sojoji.

Direban da ke ɗakin ƙarshe ya yarda zai shiga, sai da ya ji matsayinsa.

"Doki? Ni da ke tuƙa babbar mota?"

"Doki ne kaɗai ke tsallake kan kowa. Babu mai tare masa hanya."

"Ko 'yan sanda?"

"Ko su."

"To sa ni."

Mai Wanki ya zama hasumiyar farare, wadda ke tafiya miƙe ba kwana. Tela ya zama ta baƙaƙe. Saura sarauniya. Farfesa ya je ya durƙusa gaban surukarsa.

"Inna, akwai matsayin da babu wanda ya dace da shi a gidan nan sai ku. Ita ce ke zuwa inda ta ga dama. Sarki ma a bayanta yake fakewa."

Inna ta leƙo ta saman tabarau. "Yau kuma ni ce da daraja haka?"

"Kullum ma, Inna."

Bai gaya mata ƙarshen sarauniyar ba. A ransa ma yana jin wani ɗan daɗi da bai kamata ba.

Da la'asar gida ya cika, masu kallo har kan matattakala. Inna ta fito da mayafinta na fita unguwa, aka ajiye mata kujerar roba a gidanta na allo. Mai Bene ya sauko cikin farar riga da ta sha guga, sanda a hannu. Farfesa ya tare shi da rawar jiki ya nuna masa wurin sarkin farare, sarkin da zai yi nasara, don ya tsara abinsa tsaf: dattijo ya ci wasa, ransa ya yi fari, makulli ya fito.

Mai Bene ya dubi wurin, ya dubi sama. "Rana a can take."

"Ranka ya daɗe, can ne gefen masu..."

"Ni nan zan tsaya." Ya taka zuwa ɗaya gefen, inda inuwar bene ta sauka, ya dasa sandarsa a gidan sarkin baƙaƙe.

"Wannan gefen akwai ɗan abin da zai faru da shi a ƙarshe."

"Inuwar za ta tashi?"

"A'a."

"To fara."

Farfesa ya ce a ransa, in an zo wurin a san dabara. Shi ya zama sarkin farare, a rana. Da yake kuma dole ya riƙa zagayawa yana bayani, sai ya tuɓe takalmansa ya bar su a gidan sarki su tsaya masa, bayan bokitai uku na matarsa da ya jera a gaba.

Ya gyara murya. "Jama'a, kafin mu fara, doka guda ce ta gwanaye. Ɗan da ka taɓa, shi za ka tura. Babu na fasa, babu hannuna ne ya zame. Wannan ita ta raba gwani da ɗan koyo." Ya harari Tela. "Wasu su ji da kyau."

"Mun ji, Farfesa," in ji Tela.

Aka fara. Farfesa ya yi bayanin yadda mai gemu ya zauna, da irin shayin da ya sha, da abin da yake tunani a ransa, har da abin da matarsa ta ce masa da safe. Ya ce doki ya tsallaka. Direba ya ja baya, ya zabura, ya yi tsalle na gaske, ya sauka da ƙafa guda cikin bokiti.

"Ba tsalle na ce ka yi ba. Taku biyu gaba, ɗaya gefe."

"Ka ce ina tsallake kan kowa."

"A ka'ida. Zagayawa za ka yi."

"Ashe dai akwai mai tare hanya," in ji Direba, yana zare ƙafarsa.

Ana cikin haka famfo ya yi tari. Duk wanda ya zauna gidan haya ya san wannan tarin. Ruwa ya kwana biyu bai zo ba. Kafin Farfesa ya rufe baki, mata sun sauko daga matattakala kamar an buɗe keji, kowace ta nufi bokitinta. Sojojin farare da na baƙaƙe suka bar fagen fama tare, suka yi layi a bakin famfo.

"Ku tsaya, wannan sojan shi ne ke tsare tsakiya."

"Ya tsare tsakiya da ruwa a cikinsa," in ji wata, ta wuce.

Matarsa ta zo ɗaukar nata uku. Farfesa ya yi wuf ya faɗa kansu, ya rungume.

"Malam, sakar mini bokitai. Babu ɗigon ruwa a ɗaki."

"Waɗannan su ne katangar sarki. Ko mutuwa za a yi da ƙishirwa, ba za su motsa daga nan ba."

"Haka ka ce?"

"Haka ilimi ya ce."

Ta dube shi, ta dubi bokitan, ta koma ta zauna a matattakala ta naɗe hannu. "Allah ya ba katanga lafiya."

Da ƙura ta lafa, Farfesa ya share gumi ya ce ai sojojin da suka tafi da ma ba su da wani aiki. Ya ɗaga hannu sama. "Yanzu ku buɗe ido. Wannan takun shi ne ya sa duniya ta miƙe tsaye. Inna, bismilla."

Inna ta ce ƙafarta ba ta son siminti mai ruwa. Dole Direba da Mai Wanki suka bar gidajensu suka ɗauke ta da kujerar, suka ratsa allon da ita, tana ɗaga wa jama'a hannu, suka dire ta dab da Mai Bene.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Mai Bene. "Yaya idon?"

"Da sauƙi, Alhaji. Sai dai hagun, in yamma ta yi kamar hayaƙi."

"Nawa ma hagun ne. Wane magani ya ba ki?"

Suka shiga zancen ɗigon ido, daga nan suka gangara gwiwa, daga gwiwa suka hau kan yaran zamani. Farfesa ya tsaya da hannu a sama har ya gaji ya sauke.

"Ranka ya daɗe, barazana take yi muku. An tsare sarki."

"Wannan baiwar Allah? Ban ga alama ba."

"To yanzu Tela zai zo ya cinye ta. Tela, matso. Inna, sai ku fita daga allo."

Inna ta juyo a hankali. "In fita?"

"An sadaukar da ku ne, Inna. Shi ne daɗin wasan. Ana ba da sarauniya don a samu abin da ya fi ta."

"Abin da ya fi ta." Ta maimaita kamar tana ɗanɗana gishirin miya. "Ka sa na ɗauko mayafina na ƙasan akwati, ka sa an kinkimo ni a bainar jama'a, don ka ba da ni kyauta ga mai ɗinki?"

"Ni ban nema ba, Inna," in ji Tela. "Turo ni aka yi."

"Ba laifinka ba ne, ɗan nan. Na san mai turowar."

Aka ɗauke ta aka kai gefe. Inuwar da ta rage kuwa ita ce ta bakin ɗakin nan na ƙarƙashin matattakala. Nan aka ajiye ta. Ta goge tabarau, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana leƙe.

Farfesa bai lura ba, wasa ya kai inda yake so. Ya kama hanya ya nuna wa Direba gidan da zai tsaya, ya ce, "An sake tsare sarki. Jama'a, a nan ne gwanin baƙaƙe ya dafe kai. Ya duba gabas, ya duba yamma. Sannan ya kwantar da sarkinsa. Wasa ya ƙare." Ya tafa shi kaɗai. Sannan ya rage murya. "Ranka ya daɗe, sai ku ɗan kishingiɗa. Alama ce kawai."

Mai Bene ya dubi simintin, ruwan famfo da gawayi sun haɗu sun yi kunu. Ya dubi farar rigarsa.

"In kwanta. A gidana."

"Ko ku ɗan russuna ma ya isa."

"An kashe ni ne?"

"Ba a kashe ku ba tukuna. Amma za a kashe."

"Wa zai kashe ni? Wannan da ya faɗa bokiti?" Ya nuna gidan da ke gefensa da sanda. "Nan akwai kowa?"

"Babu."

"Doka ta hana ni shiga?"

"Ba ta hana ba, amma shi gwanin..."

Mai Bene ya taka ya shiga. "To na shiga. Shi gwanin naka raggo ne. Kai da ka san yadda za a kashe ni, zo ka kashe ni mu gani."

Farfesa ya dubi allon. A wayarsa, daga nan yake tafawa ya kashe ta. Bai taɓa ganin sarkin baƙaƙe a wannan gidan ba, ko a mafarki.

"Abu ne mai sauƙi," in ji shi. "Yaro ma zai gani."

"To a kira yaro?" in ji Tela.

"Ina zaɓe ne. Hanyoyin sun yi yawa."

Ya zagaya allon. Ya sake zagayawa ta ɗaya hannun. Ya tsuguna ya duba ta ƙasa, ya hau matattakala ya duba ta sama. Ya laluba aljihu, ya tuna wayar tana ɗaki, kuma ko tana hannu, da wane ido zai buɗe ta? Gumi ya jiƙa masa wuya. Siminti ya ɗau zafi, ga shi ba takalmi. Ya koma layin baya, ya dafa kafaɗar Mai Wanki don ya ɗan huta.

"Ka taɓa shi," in ji Tela.

"Dafawa na yi."

"Babu na fasa, babu hannuna ne ya zame. Ita ta raba gwani da ɗan koyo. Jama'a, ko ba haka aka ce ba?"

Matattakala ta amsa gaba ɗaya.

Da Farfesa ya matsar da Mai Wanki taku guda a layinsa, da ya tsira da sauran numfashi. Amma gwani ba ya taku guda a gaban jama'a. Ya buga ƙirji. "Da ma shi zan tura. Ku ga hari." Ya kora Mai Wanki can gaba, kusa da Mai Bene, ya tsaya yana huci.

Mai Bene ya dubi Mai Wanki. "Kai kuma me ka zo yi?"

"Wallahi ban sani ba, Alhaji."

"Tela, kai ne namu. Akwai abin yi?"

Tela ya dubi gabansa. Layi a buɗe, fayau, tun da sojojin tsakiya suka tafi ɗiban ruwa. Mai gadin layin baya kuma an tura shi yawo. Ya sa hannu a aljihu ya miƙe, yana tafe yana gaisawa da mutane, har ya isa ƙarshen allo ya tsaya a layin da takalman Farfesa suke.

"Farfesa, zo ka shiga takalmanka. Ana sallama da sarki."

Farfesa ya zo ya shiga. Ya duba dama, layin Tela ne. Ya duba hagu, layin Tela ne. Baya, allo ya ƙare. Gaba, bokitai uku a jere kafaɗa da kafaɗa, babu ko kafar allura. Ya ɗaga kai ya nemi matarsa.

"Zo ki ɗauki bokitanki. Ruwa zai ɗauke."

"A'a, Malam. Katangar sarki ce. Ko mutuwa za a yi da ƙishirwa."

Dariyar da aka yi, an ce har masu shago a titi sun leƙo. Mai Bene ya ratso allon a hankali, sanda na ƙwanƙwasa siminti.

"Ni dai ban san wasan nan ba," in ji shi. "Amma na riƙe abu guda. Ka ce wanda aka ci, me yake yi?"

"Alama ce kawai, ranka ya daɗe."

"To yi mana alamar."

Farfesa ya duba ko'ina bai ga mai ceto ba. Ya tattare riga, ya durƙusa, ya kishingiɗa a cikin kunun gawayi bayan bokitansa. Daga nan ƙasa ya ga Mai Bene ya zaro makulli ya miƙa wa Inna.

"Hajiya, wadda aka bayar kyauta ai ta cancanci wurin ajiye kanta."

"Allah ya saka, Alhaji. Na ga tagar tana kallon inda surukina yake gyaran agogo. Zan riƙa sa masa ido, da na dama."

Farfesa ya ɗago kai daga kwance. "Jama'a, kada ku watse. Wannan ma akwai darasi a ciki. Abin da ya kamata baƙaƙe su lura da shi..."

Ba wanda ya tsaya. Matarsa ta zo ta ɗauki bokiti ɗaya, ta ɗauki na biyu. Famfo ya yi tari, ya yi shiru. Ta tsaya ta dubi famfon, sannan ta ajiye na ukun a kan cikin mijinta.

"Tashi, sarki. Akwai rijiya a bayan layi. Taku ɗaya-ɗaya, kada ka zubar."